Mai a Jinin Asibi

Asibi ba 'yar cikin Birnin Gwari ba ce. A wani ƙauye bayan Kakangi aka haife ta, can ta yi aure, can ta haifi 'yarta tilo, Lovelyn, wadda yanzu take aure a Kaduna. Abin da ya kawo ta gari shi ne abin da ya kawo mutane da yawa. 'Yan bindiga suka tarar da mijinta Timothy a gona yana cirar gyaɗa, suka harbe shi. Aka ɗauko shi a bayan a-kori-kura zuwa asibitin gari, kafin ta iso ya cika. Bayan an binne shi ta koma ƙauyen ta kwaso tukwanenta da turminta da babban kaskon suyar gyaɗa, ta kama ɗaki a unguwar Magajin Gari, ba ta sake waiwayar can ba.

Da wannan kaskon ta tsaya da ƙafafunta. Takan soya gyaɗa, ta murje, ta bakace, ta kai inji a niƙa, ta dawo ta zuba a turmi tana juyawa da taɓarya tana yayyafa ruwan zafi, har mai ya taso ya kwanta a sama. Tunkuzar kuma ta murza ƙuli-ƙuli da ita. Ba ta haɗa manta da komai, shi ya sa ba a daɗe ba aka san ta. Musulmi da Kirista duk suna aiko mata da kwalba. Idan aka ce man Maman Lovelyn, to ba sai an shinshina ba.

Da kaka ta shigo, sabuwar gyaɗa ta fara fitowa, sai wasu likitoci suka zo daga Kaduna suna gwajin lafiya kyauta a filin makarantar firamare. Asibi ba ta yi niyyar zuwa ba. Maƙwabciyarta Martha, wadda suke majami'a ɗaya kuma suke zumuntar mata tare, ita ta ja ta. An ce kada kowa ya karya kumallo, saboda haka da yunwa suka bi layi, aka ɗebi jininsu a 'yan kwalabe, aka ce su saurari sakamako. Likitocin suka shiga motarsu tun rana ba ta yi sanyi ba, don ba mai son yamma ta riske shi a hanyar Kaduna.

Sakamakon ya iso a ambulan, aka raba wa mata ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada. Asibi ta buɗe nata a bakin ƙofar gida. Layi-layi ne na Turanci da lambobi, ba abin da ta gane. Amma wuri ɗaya an zagaye shi da jan biro, an ja kibiya tana kallon sama. Ta miƙa wa Martha, wadda ta fi ta karatu.

Martha ta kawo takardar kusa da ido, ta nisa. "Wayyo, Maman Lovelyn. Kolestrol ne. Kin ga, an rubuta ya hau."

"Mene ne kuma kolestrol?"

"Mai ne. Mai ne yake cika jinin mutum, ya daskare, ya toshe jijiya. Shi ne ya kayar da mijin yayata a Kafanchan, yana shirin zuwa gona da safe, kafin azahar baki ya karkace. Har yau sai an kwantar an tayar."

Asibi ta karɓi takardarta, ta ninke, ta shige ɗaki. Mahaifiyarta ma haka ta tafi. Tana tsaye tana daka ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye, ta yi ta jinya a kan tabarma har Allah ya karɓi abinsa. Kuma shekarunta a lokacin ba su fi na Asibi na yanzu ba.

Daga ranar zama ya gagare ta. Ta zauna a kujera, ta miƙe. Ta ɗauki tsintsiya ta share tsakar gidan da ta riga ta share. Ta leƙa waje kamar tana jiran wani, ta dawo. Ta riƙa matsa hannunta na hagu tana jin ko ya fara sanyi. Idan ta wuce madubi sai ta tsaya ta yi murmushin dole, ta ga ko bakinta na nan daidai. Takardar kuwa ta sha buɗewa da ninkewa har ta fara yagewa a tsakiya, alhali ba harafin da ya canza.

Abu na farko da ta yi, ta daina cin mai. Ta dafa miyar kuka ba ko ɗigo, ta kasa haɗiyewa. Ta bar ƙwai, ta bar nama, ta bar gyaɗar da takan ɗan watsa a baki idan tana suya. Wata ta ce mata tafarnuwa da lemon tsami suna narkar da kitse, ta riƙa dakawa tana sha da sassafe, cikinta na ƙuna kamar an zuba garwashi. Ta rame cikin ɗan lokaci, zani ya fara kwance mata a ƙugu.

Amma abin da ya fi cin ranta ba jikinta ba ne. Wata safiya ta ɗora kasko, ta zuba gyaɗa, ƙamshi ya fara tashi, sai tunani ya faɗo mata. Ita da take ɗan ɗanɗanawa kawai jininta ya cika da mai, to ina waɗanda take cika wa kwalba? Ina yaran da uwayensu ke soya musu ƙosai da shi kullum? Ta tsaya da mara a hannu har gyaɗar ta fara ƙauri. Ta janye itacen, ta yayyafa wa wutar ruwa, ta kife kaskon a jikin bango.

Martha ba da mugunta ta yi ba. A taron zumunta na tsakiyar mako ta miƙe ta ce a sa Maman Lovelyn a addu'a, likitoci sun ce mai ya cika mata jini. Aka yi addu'a da gaske, wasu har da hawaye. Sai dai kafin maganar ta fita daga majami'a ta ratsa bakin famfo ta isa kasuwa, ta sake kama. Aka ce man da take yi ne ya toshe mata jijiya. Aka ce likitoci sun gwada man sun ga ba shi da kyau. Wata ma ta rantse cewa an hana ta sayarwa. Masu aiko da kwalba suka ɗauke ƙafa. Sauran man da ke cikin jarka ya zauna a lungu, ba mai tambaya, ita ma ba ta da ƙarfin halin tallata shi.

Mutum ɗaya ne bai daina zuwa ba, Isiyaku mai tsire, wanda tukubarsa ke kusa da tasha. Tun zuwanta gari a wurinta yake sayen ƙulin da yake daka wa tsirensa. Ya faka babur ɗinsa a ƙofar gida, ya yi sallama, ya ga kasko a kife.

"Maman Lovelyn, lafiya? Yau ma babu?"

"Babu, Malam Isiyaku. Na bar sana'ar."

"Kin bar me? To ni da me zan yi tsire? Na gwada na wata jiya, ƙuli kamar tsakuwa, mutane suna ta yi min ƙorafi."

Ta gaya masa komai, ta nuna masa jan biron. Ya duba, ya juya takardar, ya mayar mata.

"Ni ban iya karanta wannan ba. Amma wa ya ce miki man ne? Likita?"

"Martha ce ta karanta."

"Martha likita ce? Ga asibiti can, ko da ƙafa kya je. Ki kai musu su faɗa miki da bakinsu."

Asibi ta kawar da kai. "Ba na shiga gidan nan."

Isiyaku ya san labarin. Tun ranar da ta shiga asibitin ta tarar an rufe Timothy da zanin wata baiwar Allah, ko hanyar ba ta bi. Idan aike ya kai ta wajen sai ta zagaya ta bayan makaranta.

"Allah ya sawwaƙe," ya ce. "Amma wannan zaman naki ba magani ba ne. Dubi yadda kika koma."

Da ya tafi ta kira Lovelyn. Ta sa wata 'yar haya a gidan ta ɗauki hoton takardar ta tura mata. Ba a jima ba wayar ta yi ƙara.

"Mama, ki kwantar da hankalinki. Na duba a waya. Wai wannan HDL ɗin shi ne mai kyau. Wai ana son ya yi yawa."

"Mai kyau? To me ya sa suka sa masa jan biro?"

"Ban sani ba. Tsaya, bari in ƙara karantawa." Asibi ta jira tana jin kukan jikanta a can nesa. Da Lovelyn ta dawo muryarta ta sauya. "Mama, nan kuma wasu sun ce idan ya yi yawa sosai shi ma yana da haɗari. Har suna maganar ciwon zuciya."

"To wanne ne gaskiya?"

"Ni ma na rikice. Ki shigo mota gobe ki zo, in kai ki babban asibiti."

"In bi hanyar nan? Ba ki ji abin da ya faru da motar 'yan kasuwa ba?"

"An ce yanzu da sauƙi, Mama. Mutane suna bi."

"Su bi. Ni ba zan bi ba."

Suka rabu kowa ransa a ɓace. Asibi ta ajiye wayar ta fi da rikicewa. Da ma a ce mata mutuwa ce kawai, ta san ta shirya. Amma a ce abu mai kyau ne, a kuma ce yana kisa, wannan ta rasa inda za ta ajiye shi a ranta. Ta fita ba tare da ta san inda za ta ba. Ta tsaya a wani kemis, mai shagon ya kalli takardar sama-sama ya ce akwai ƙwayar da ke sauke kolestrol, ya ɗauko kwali. Ta riƙe, ta juya shi, ta tuna maganar Lovelyn ta farko. Idan mai kyau ne, ta sauke shi ta jawo wa kanta me? Ta ajiye masa ta fito. Ta bi ta bakin kasuwa, ta ga mata biyu da ta sani sun yi kamar ba su gan ta ba. Ta dawo gida, ta sake fita.

Ranar kasuwa ta yanke shawarar rabuwa da buhun gyaɗar da ta saya da niyyar aiki. Ta sa mai baro ya tura mata, tana biye da shi, cikinta ba komai sai ruwan tafarnuwa. Rana ta take. Wajen tasha ta ji ƙasa tana juyawa, muryoyin mutane suka yi nisa, idonta ya rufe. Abin da ya zo mata a rai kafin ta kai ƙasa shi ne, to, ga shi ya zo, irin na Innata.

Ta farfaɗo ta ji ana shafa mata ruwa a fuska. Isiyaku ne tsugune a gabanta, hannunsa duk yaji, mata sun kewaye su. Ta ɗaga hannun hagu, ya ɗagu. Ta motsa ƙafa, ta motsu.

"Yau kam sai asibiti," in ji Isiyaku. "Ko ki yarda ko kada ki yarda."

Ba ta da ƙarfin gardama. Aka ɗora ta a babur, wata mai sayar da tumatir ta hau bayanta ta riƙe ta. Da suka shiga ƙofar asibitin Asibi ta runtse ido, ba ta buɗe ba sai da ta ji an zaunar da ita a benci. Warin maganin wanke ƙasa ya bugi hancinta, irin na waccan ranar sak. Ta damƙe bakin bencin. Wata nas ta auna ta, ta tambaye ta abin da ta ci, da ta ji amsa sai ta girgiza kai ta aika aka sayo kunu da ƙosai, ta tsaya a kanta sai da ta shanye kunun. Ƙosan kuwa Asibi ta ture shi gefe.

Likitan da ya gan ta sunansa Sadiq, siriri ne mai tabarau, da alamar gajiya a fuskarsa. Ya gaishe ta da ladabi, ya haska idonta, ya sa ta matse masa yatsu da kowane hannu, ya sa ta ɗaga gira ta buɗe haƙora.

"Mama, ba shanyewar jiki ba ce. Yunwa ce da rana. Me ya hana ki cin abinci?"

Ta kwance bakin zaninta ta fito da takardar, ta shimfiɗa masa a tebur, ta ɗora yatsa a kan jan biron. "Wannan ne. An ce mai ya cika min jini. Likita, kada ka ɓoye min. Idan lokaci ne ka faɗa min in kira 'yata."

Ya karanta daga sama har ƙasa, bai yi sauri ba. Sannan ya jawo kujerarsa ya zagayo kusa da ita, ya juya takardar yadda su biyu za su gani.

"Mama, kolestrol ba baƙo ba ne a jiki. Kowa yana da shi, har jaririn da aka haifa yau. Hanta ce take yin mafi yawansa, kuma jiki yana buƙatarsa. Sai dai ba ya iya tafiya cikin jini shi kaɗai, sai an ɗauke shi. Masu ɗaukarsa iri biyu muka fi dubawa. Kin ga wannan layin, LDL? Shi ne yake kwaso shi ya bi jijiyoyi da shi. Idan ya yi yawa sai ya riƙa maƙalewa a bangon jijiya, hanyar jini ta tsuke. Shi muke tsoro. Naki casa'in da takwas, yana inda muke so."

"To wanda aka zagaye fa?"

"Shi ne HDL. Aikinsa ya bi ya kwashe wanda ya yi saura, ya mayar da shi hanta a fitar. A mace muna so ya wuce hamsin. Naki saba'in da shida."

"Amma an sa masa jan biro."

"A ɗakin gwaji duk lambar da ta fita daga iyakar da aka rubuta a gefe sai su zagaye ta, ko mai kyau ce ko marar kyau. Sun zagaye ne don likita ya duba. Kuskuren da aka yi, an ba ku takardun ba wanda zai yi muku bayani."

Asibi ta ƙura wa lambar ido. Zuciyarta ba ta yarda ta sauka ba tukuna. "'Yata ta karanta a waya, wai idan ya yi yawa shi ma yana kisa."

"Ba ƙarya ta yi ba, amma ba a kai nan ba. Da muna cewa duk yadda ya hau alheri ne. Yanzu an gano idan ya haura sosai, ya doshi ɗari ko ya wuce, ba ya ƙara wa mutum kariya, wani lokaci ma alama ce ta wani abu daban. Sai mu tsaya mu nemi dalili. Wasu gadonsa suka yi, wasu wani magani ne suke sha, wasu kuma giya ce. Kina shan burkutu, Mama?"

Ta dafe ƙirji. "Ni? Tun da aka yi min baftisma ko warinta ban so."

Ya yi dariya. "Dole in tambaya. Wane aiki kike yi?"

"Man gyaɗa nake yi. Nake yi da," ta gyara.

"Da hannu kike juya turmi?"

"Da wa zan juya?"

"To ga dalili ɗaya nan. Aikin ƙarfi yana ɗaga shi. Sauran kuma wataƙila haka jininku yake."

Sai ta yi tambayar da ta fi nauyi a ranta. Ta ce shin man da take sayar wa mutane shi ne yake toshe musu jijiya? Ta ce yara suna ci, masu ciki suna ci, ita ba ta son ta tsaya gaban Ubangiji da alhakin kowa.

"Man gyaɗa ba shi da kolestrol ko kaɗan," in ji likitan. "Ba a samunsa a abin da ya tsiro daga ƙasa, sai a nama da kitse da ƙwai da man shanu. Ba zan ce miki magani ba ne, mai mai ne, idan aka yi ta kwankwaɗa yana sa ƙiba. Kuma wanda aka yi ta soya abu da shi har ya yi baƙi, a zubar. Amma cikin man da muke ci a nan, naki yana cikin na gaba-gaba. Ba ki cuci kowa ba."

Nan ne hawaye suka zubo mata. Ta sa bakin mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na girgiza. Likitan ya bar ta, ya yi rubuce-rubucensa har ta natsu.

"Saura abu ɗaya," ya ce. "Kada ki ɗauka wannan lambar sulke ce. Awon da nas ta yi miki ya nuna jininki ya hau, kuma kin ce mahaifiyarki shanyewar jiki ce ta kashe ta. Wannan ya fi damuna a kan abin da aka zagaye. Awo ɗaya ba ya isa a yanke hukunci, balle yau da kika faɗi. Za ki riƙa zuwa muna aunawa. Ki rage gishiri da dunƙule, ki bar tafarnuwar nan, ki ci abinci. Kina samun barci?"

Ta buɗe baki za ta ce e, sai ta ji ta kasa. Ta ce rabonta da barcin kirki tun suna ƙauye. Ta ce ko babura biyu suka wuce tare sai gabanta ya faɗi. Ba ta san lokacin da ta fara ba shi labarin Timothy ba, da gonar gyaɗar, da zanin da aka rufe shi da shi a ɗakin da ke ƙarshen barandar nan. Ba ta taɓa faɗa wa kowa haka dalla-dalla ba, ko Lovelyn. Akwai mutane a layi, nas ta leƙo ta koma, amma bai katse ta ba. Da ta gama ya ce mutanen da yake gani daga ƙauyukan dajin nan da yawansu haka suke, kuma wannan ma abin dubawa ne, su riƙa taɓa maganar duk zuwan da za ta yi.

A waje ta tarar da Isiyaku yana jira, ya bar tukubarsa a hannun maƙwabci. Ta ɗauki ƙosan da ta ture, ya riga ya huce, ta cinye shi a tsaye.

"Me ya ce?"

"Ya ce mai kwashewa ne ya yi min yawa, ba mai zubarwa ba."

"Ban gane ba. Ƙuli dai za a yi ko ba za a yi ba?"

"Za a yi. Ina buhuna?"

Da ta koma gida ta wuce ƙofar Martha ba ta tsaya ba, don ta san idan ta buɗe baki a lokacin ba za a ji daɗi ba. Ta bari sai ranar zumunta. Bayan an yi waƙa an yi karatu, ta miƙe ta ce tana da shaida. Ta gode da addu'a. Sannan ta shiga bayanin abin da likita ya ce, sai haruffan suka cakuɗe mata, ta kira mai kyau da sunan marar kyau, ta dawo ta gyara, ta sake rikicewa. Wasu suka fara murmushi. Ta tsaya, ta share gumi.

"Ni dai ban iya faɗa yadda ya faɗa ba. Abin da na riƙe shi ne, jan biro ba mutuwa ba ne. Wani jan na alheri ne, wani na gargaɗi. Kuma abin da yake nema ya kayar da ni ma ba a zagaye shi ba. Na kusa kashe kaina da yunwa a kan abin da ban gane ba. Duk mai irin takardar nan ta kai a karanta mata."

Sai wata tsohuwa a layin baya ta buɗe jakarta ta zaro ambulan. Wata ta ciro nata daga cikin littafin waƙoƙi. Wata ta ce nata yana gida ƙarƙashin katifa, tun ranar da aka raba ba ta gaya wa ko mijinta ba, wurare biyu aka zagaye mata. Ashe rabin matan kowace tana ɗauke da nata tsoron, tana zuwa tana yi wa Asibi addu'a. Martha tana zaune kanta a ƙasa. Da aka tashi ta biyo Asibi har bakin hanya.

"Maman Lovelyn, ki yafe min. Wallahi abin da na sani na faɗa."

"Kin kashe min kasuwa, Martha."

"Na sani. Zan bi gida-gida in warware." Ta rage murya. "Ni ma an zagaye min. Na ƙasan naki ne, LDL ɗin nan da kika ce shi ne marar kyau. Tsoro ya hana ni nuna wa kowa."

Asibi ta dube ta. Fushin da ta taho da shi bai tafi duka ba, amma ya rasa wurin zama. "To wannan ba na wasa ba ne. Gobe ki shirya da wuri, ni ma ina da awo."

Washegari ba su biyu kaɗai suka je ba. Da likita Sadiq ya leƙo baranda ya ga mata sun cika benci har wasu a ƙasa, kowace da ambulan a hannu, sai ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce a fito masa da kujera waje. A nan ya yi musu bayani gaba ɗaya, sannan ya riƙa kiransu ɗaya bayan ɗaya. Wasu aka ce su tafi lafiyarsu lau. Tsohuwar nan aka gano suga ne. Martha aka ɗora ta a kan magani, aka hana ta kitse da ganda, ta fito tana ƙunƙuni.

Hawan jinin Asibi ya tabbata bayan an yi ta aunawa, aka ba ta ƙwaya guda kullum da safe. Kasuwarta ba ta dawo lokaci ɗaya ba. Martha ta cika alkawari, ta bi gidaje, amma akwai waɗanda har yau idan aka ambaci man sai su taɓe baki su ce ai an taɓa faɗar wani abu a kansa. Barcin ma bai daidaita ba, wata rana a samu, wata rana a rasa.

Kafin Kirsimeti Lovelyn ta yi ƙarfin hali ta biyo motar safe da ɗanta a baya. Ta tarar da uwarta a tsakar gida, ta ɗaure ƙugu, tana juya turmi, mai yana tasowa. Ta ajiye jaka ta ce a kawo taɓaryar ta taya ta. Ba ta yi nisa ba ta fara haki, hannuwanta suka sage. Asibi ta karɓi jikanta ta saɓa a kafaɗa, ta zauna a bakin baranda tana kallonta.

"Ƙara ruwan zafi kaɗan," ta ce. "Kaɗan na ce. Juya ta wancan gefen, kada ki tsaya, idan ya huce ba zai fito ba."